Tafin Hannun Amílcar

Takardar ta zo ranar Laraba:
an tura ni koyarwa Beja.
Gidana yana Évora, da 'yata, da mahaifina.
Kilomita tamanin zuwa,
tamanin dawowa,
kwana biyar cikin bakwai.
Na yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta
har lissafin ya cinye takardar.

Tsohuwar motata ta riga ta yi nata.
Da asuba sai ta yi tari uku
kafin ta yarda ta san ni.

Nan da nan kowa ya zama malamina.
Maƙwabcina Telmo ya ce dizal,
dogon zango sai mai dogon numfashi.
Ƙanwata Odete ta ce mai lantarki,
ki jona ta da dare kamar waya, ki yi barcinki.
Banki bai ce uffan ba,
alƙalami kawai ya miƙo.

Ranar Asabar na ɗauki Baba.
Amílcar, shekara arba'in da ɗaya
a kwance ƙarƙashin motocin mutane,
har yau baƙin mai bai gama barin farcensa ba.
Da can da kunne yake gane ciwon inji
tun mota tana shan kwanar layinmu.
Yanzu kunnen ya tafi ya bar shi,
sai tafin hannu.

A filin dillali kowace mota
da farashinta a goshi.
Wata ja ta ƙyafta mini ido.
Baba ya ce, shiga ki zauna tukuna,
ba idonki ne zai yi awa biyu kullum a kujerar nan ba.
Tambayi ƙugunki.
Na tambaya. Ƙugu ya ce a'a.

Sai mai lantarkin, fara fat, shiru kamar asibiti.
Dillali ya danna wani abu.
Baba ya ɗora hannu a kan murfin inji,
ya jira.
Ya dube ni: ta tashi?
Na ce ta tashi, Baba.
Ya janye hannun a hankali ya sa a aljihu,
irin na wanda ya yi sallama
ba a amsa ba.

Can ƙarshen layi, kusa da shinge,
akwai wata mai ruwan toka,
ta ci hanya ta ƙoshi,
kujerar baya tana warin karen wani.
Aka murza makulli.
Ya ɗora hannu, ya rufe ido,
na ga rawar injin tana hawa damtsensa
har ta kai gemu.
Ya daɗe.
Ya ce, tana da ɗan ciwo ta hagu,
amma ba ta ɓoye ba.
Wadda ta faɗi ciwonta ba ta kwanar da kai a daji.

Ita na saya.
Na ce wa Odete ai hawa na uku nake,
wace waya ce za ta sauko daga taga zuwa titi?
Gaskiya ne.
Ba ita ce duka gaskiyar ba.

Yanzu shida saura kwata nake fita,
Leonor tana barci da baki buɗe,
na bar mata rubutu a jikin firji.
Hanya ta miƙe cikin gonakin zaitun,
da itatuwan da aka feɗe wa ɓawo
suna tsaye jajaye har gwiwa.
Shamuwa bisa turakun lantarki
ba su damu da wanda ya makara ba.
Litattafan yara talatin suna zamewa a baya
duk sa'ad da na taka birki.

Wajen rabin hanya, inda gidan mai yake,
nakan kashe rediyo,
in ɗora tafin hannuna gefen sitiyari.
Ban iya komai ba tukuna.
Ina dai jin wani abu ta hagu,
kaɗan-kaɗan,
yana faɗa mini.